SANARWAR BAYAN TARO KAN RIƘE MAI TAYAR DA HANKALI A KASUWA DA TASHA

Ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa da ma'aikatan tashar mota, a nan birnin Kano, ta yi zama na musamman a ɗakin taronta ƙarƙashin jagorancin sarkin kasuwa da sarkin tasha. Shugabannin layuka sun halarta, haka ma direbobi da kwandastoci da 'yan kamasho, 'yan dako da masu baro, masu gadin dare, 'yan sintirin unguwa, da iyayenmu mata masu sayar da abinci. An gayyato lauya mai aikin shari'ar laifuka, da ma'aikaciyar jinya daga sashen masu taɓin hankali, da wani tsohon jami'in ɗan sanda, da limamin masallacin kasuwa, domin a ji ta bakin kowa.

Abin da ya tara mu ba baƙo ba ne ga duk mai wuni a kasuwa ko tasha. Mutum zai shigo yana ihu yana zage-zage, ya ture tiren mai talla, ya ɗauki gora ko fasasshiyar kwalba yana wulwulawa a kan fasinjoji. Wani ƙwaya ce ta yi masa yawa, wani ciwon ƙwaƙwalwarsa ne ya motsa, wani kuwa lafiyarsa ƙalau, fushi ne kawai a kan kuɗin mota ko canji. A irin wannan lokaci jama'a kan rabu gida biyu. Akwai masu ja da baya su ciro waya suna ɗauka har sai ya ji wa wani rauni, akwai kuma masu yi masa rufdugu, kowa da abin da hannunsa ya kai gare shi. Tambayar da aka aza a gaban taro ita ce: me doka ta yarda wanda ke wurin ya yi, kuma a ina ikonsa ya ƙare?

Abin da doka ta ba mu

Barista ya fara da abin da ya kwantar wa mutane da yawa hankali, wato doka ba ta ce kowa ya naɗe hannu ba. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta tarayya ta 2015, a sashe na 20, ta ba mutumin da ba jami'i ba damar kama wanda ya aikata laifi a gabansa, ko wanda yake da ƙwaƙƙwaran dalilin zargin ya aikata irin laifin da ɗan sanda ke iya kamu a kansa ba tare da takardar izinin kotu ba. Sashe na 21 ya ba mai dukiya da yaransa ikon kama wanda suka samu yana lalata dukiyar, na 22 kuma ya yi magana a kan mai ɓarnata kayan gwamnati. Jihar Kano ta yi tata dokar a 2019 bisa wannan tsari, kuma ita ce kotunan jiha ke aiki da ita.

Bayan ikon kamu akwai haƙƙin kare kai, wanda ke cikin dokar Final Kod da ta fara aiki a Arewa tun 1960. Sashe na 59 ya ce abin da mutum ya yi cikin halattaccen kare kai ba laifi ba ne. Sashe na 60 ya faɗaɗa shi: kana iya kare jikinka, kana iya kare jikin wani ko da ba ka san shi ba, kana iya kare dukiya daga sata da fashi da ɓarna. Saboda haka ɗan dakon da ya ga an ɗaga wa wata uwa kwalba, ya kama hannun mai kwalbar ya murɗe har ta faɗi, bai yi laifin komai ba, aikin kirki ya yi, kuma ƙungiya tana yaba masa. Sashe na 61 ma ya ce wannan haƙƙi yana nan ko da mai kawo harin yaro ne ko mai taɓin hankali wanda kotu ba za ta kama shi da laifi ba.

Daga nan sai Barista ya shiga iyakoki, kuma a nan ne ɗakin ya yi tsit. Sashe na 62 na Final Kod ya hana cutarwar da ta wuce abin da kariyar ke buƙata. Sashe na 63 ya ce babu haƙƙin kare kai a inda akwai sararin neman taimakon hukuma. Sashe na 5 na dokar 2015 ya hana sa ankwa ko ɗaure wanda aka kama sai idan ana tsoron zai kai hari ko zai gudu, ko don lafiyarsa shi kansa, ko da umarnin kotu. Sashe na 23 kuwa ya wajabta wa wanda ya yi kamu ya miƙa mutumin ga ɗan sanda nan take, in babu ɗan sanda kusa ya kai shi caji ofis mafi kusa, a rubuta sunan wanda ya kawo shi, a ɗauki bayaninsa a matsayin shaida. Ma'anar duk wannan a aikace ita ce ƙarfin da ka yi amfani da shi halal ne muddin haɗarin na nan. Da zarar kwalbar ta faɗi, mutumin ya zauna ko an riƙe hannuwansa, dalilinka ya ƙare. Marin da ya biyo bayan nan laifi ne, kuma naka ne.

Wani direba ya tambayi hukuncin wanda bai taɓa kowa ba, ihu kawai yake yi da ashar yana korar fasinjoji. Amsar da aka ba shi ita ce tayar da hankalin jama'a a bainar mutane laifi ne a Final Kod, ana iya kai mai yin sa gaban hukuma. Amma zagi da hayaniya su kaɗai ba sa buɗe ƙofar kare kai, domin ba a kai wa jiki ko dukiya hari ba, kuma galibi akwai lokacin kiran 'yan sanda. Wanda ya turmushe mai ihu don ya ishe shi da surutu, zai sha wahalar gamsar da alƙali cewa dole ce ta sa shi.

Taro ya ji kuma abin da ke jiran wanda ya wuce gona da iri. Tare wa mutum hanya ba bisa ƙa'ida ba laifi ne a sashe na 254 na Final Kod, kulle shi kuma laifi ne a sashe na 255. In rai ya salwanta, magana ta koma sashe na 221 mai hukuncin kisa, ko na 224 mai iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Abin da ya fi girgiza matasanmu shi ne sashe na 79: idan mutane da yawa suka haɗu a kan niyya ɗaya suka aikata laifi, kowannensu yana ɗaukar laifin kamar shi kaɗai ya yi. Babu wanda zai tsira da cewa shi sau ɗaya kawai ya shuri mutumin. Sama da waɗannan duka akwai Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda sashe na 34 ya hana azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam, sashe na 36 ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar, sashe na 35 kuma ya ba wanda aka tsare ba bisa doka ba haƙƙin diyya da ban haƙuri a fili.

Akwai wata al'ada tamu ta 'yan kasuwa da Barista ya taɓo, kuma taro ya ga ya dace a faɗe ta ba ɓoye-ɓoye. Riƙe wanda ake bi bashi a shago har sai 'yan uwansa sun kawo kuɗi ba ya cikin ikon kamu. Sashe na 8 na dokar 2015 ya hana kama mutum don rikicin bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, sashe na 7 kuma ya hana kama wani a madadin wani. In ɗan sanda ba shi da wannan iko, mai shago ba shi da shi.

Wuya da numfashi

Jawabin ma'aikaciyar jinya shi ne ya fi ɗaukar lokaci, kuma ya cancanci haka, domin yawancin waɗanda ke mutuwa a hannun masu riƙo ba da niyyar kisa aka riƙe su ba. Ta yi bayanin cewa jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa suna gefen wuya biyu, kuma matse su na sa mutum ya suma cikin ƙasa da minti ɗaya. In aka ci gaba da matsewa, ƙwaƙwalwa na iya lalacewa ko zuciya ta tsaya. Kifar da mutum rub da ciki a hau bayansa shi ma kisa ne a hankali, domin ƙirji da ciki ba sa samun wurin buɗewa, balle ga mai ƙiba, ko mai asma, ko wanda ya sha ƙwaya, ko wanda ya gaji da kokawa yana haki. Ta ja kunnenmu a kan kuskure biyu da ake yawan yi. Na farko, a ce ai tunda yana magana yana numfashi. Mutum na iya fitar da kalma alhali iskar da ke shiga ba ta ishe shi ba. Na biyu, a ɗauki fizge-fizgensa a matsayin taurin kai a ƙara danna shi, alhali neman iska yake yi, sannan in ya yi laƙwas a ce ya saduda. Shirun da ya zo kwatsam bayan kokawa alamar haɗari ce, ba ta biyayya ba.

Ta ƙara da cewa ba duk mai fizge-fizge ne ɗan ƙwaya ba. Mai ciwon sikari in sikarinsa ya yi ƙasa yakan rikice, ya yi gumi, ya yi faɗa kamar mashayi. Mai farfaɗiya bayan ta sake shi yakan tashi cikin ruɗu bai san inda yake ba, kuma a lokacin da take kansa ba a danne shi, ba a cusa masa cokali ko tsumma a baki, kawar da abin da zai ji masa ciwo ake yi, in ta lafa a kwantar da shi ta gefe. Zazzaɓi mai zafi da buguwa a ka su ma suna juya hankali.

Barista ya kawo misalin da ya faru a Amurka, wanda ya dace da maganarmu ƙwarai. Ranar 1 ga Mayu, 2023, a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Niyok, wani mai suna Jordan Neely, ɗan shekara 30, marar matsuguni mai fama da taɓin hankali, ya shiga tarago yana ihu cewa yunwa da ƙishirwa yake ji kuma bai damu da gidan yari ko mutuwa ba. Fasinjoji sun tsorata. Wani tsohon soja, Daniel Penny, ya shaƙo wuyansa ta baya ya kai shi ƙasa, ya riƙe shi kusan minti shida, wasu biyu suna taya shi riƙe hannuwa. Neely ya mutu, ba a kuma samu makami a jikinsa ba. Likitan binciken gawa na birnin ya ce matse wuya ne ya kashe shi. An gurfanar da Penny bisa tuhumar da ke iya kai shi ɗaurin shekara 15. A Disamba 2024 masu taya alƙali yanke hukunci suka kasa cimma matsaya a kan babbar tuhumar, aka janye ta, sannan ranar 9 ga watan suka wanke shi daga ƙaramar. Mahaifin mamacin kuma ya shigar da ƙarar neman diyya.

Wasu a cikinmu sun ce to ai ga shi an sake shi. Taro bai karɓi wannan a matsayin izini ba. Dokarsu daban, tsarin kotunsu daban; a nan alƙali ne shi kaɗai zai auna abin da ka yi da ma'aunin sashe na 62. Kuma ko a can, mutumin da bai taɓa kowa ba ya rasa ransa, wanda ya riƙe shi ya shafe fiye da shekara ɗaya da rabi da tuhumar kisa a wuyansa, ƙasar ta rabu biyu a kan lamarin. Tsoron fasinjojin gaskiya ne, ba mu raina shi ba, mu ma mun san irinsa a cikin mota. Amma da hannuwa da kafaɗu aka riƙe, da wataƙila kowa ya koma gida.

Game da masu taɓin hankali, an tunatar da mu cewa a Janairu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tabbatar wa marar lafiya haƙƙinsa na mutunci da magani. Duk wanda ya tuna abin da aka tarar a wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a Satumba 2019, inda 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane wasu da sarƙa a ƙafa, ya san inda ɗaure marar lafiya da sunan taimako ke kaiwa. Muna da asibitin Dawanau a nan kusa da mu, akwai na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. Can ne wurin marar lafiya, ba gindin bishiya da igiya ba.

Inda aka yi gardama

Ba a rabu a kan komai cikin sauƙi ba, kuma ba za mu ɓoye wa membobin da ba su zo ba. 'Yan sintiri da masu gadi sun yi magana da zafi. Sun ce su ne ke kwana a waje, su ne ake sara. Sun ce sau da yawa sukan kai mutum ofis, kafin su dawo bakin aiki ya riga su dawowa, yana nuna su da yatsa yana cewa zai haɗu da su. Wasu sun ce wanda ya kai mai laifi shi ake mayarwa abin tuhuma, a wuni ana yi masa tambayoyi, kasuwarsa ta mutu ranar. Saboda haka, in ji su, 'yar bulalar ladabi a nan take ta fi amfani, kowa ya huta. Taro ya saurare su har ƙarshe, domin kukansu na gaskiya ne, kuma duk wanda bai taɓa tsayawa gaban mai wuƙa da daddare ba bai kamata ya yi musu gatsali ba.

Tsohon jami'in ɗan sanda ya ba su amsa a matsayin wanda ya san cikin gidan. Ya ce dawowar mutum da wuri ba kullum cin hanci ba ne. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka tsare kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu, kuma ƙananan laifuka ana ba da beli a kansu. Abin da ke kashe ƙara, in ji shi, shi ne rashin shaida: mutum goma za su rako mai laifi, da an ce a rubuta suna sai kowa ya tuna ya bar shago a buɗe. In babu mai ƙara babu shaida, ofis ba shi da abin riƙe mutum da shi. Ya kuma yarda cewa akwai jami'an da ke wulaƙanta mai kawo rahoto, ya ce maganin wannan shi ne ƙungiya ta riƙa zuwa da sunanta da shugabanninta, a maimakon a bar ɗan gadi shi kaɗai a gaban kanta.

Liman ya ce Musulunci bai bar wannan babi a buɗe ba. Malaman Malikiyya sun yi bayanin tunkuɗe mai kawo hari: a fara yi masa gargaɗi in mai fahimta ne, a bi da mafi sauƙin abin da zai hana shi, ba a tsallakawa zuwa mai tsanani matuƙar mai sauƙi zai wadatar. Haddi da ta'aziri kuwa na alƙali ne bayan shaida, ba na wanda ya fi kusa da sanda ba. Ya ce wanda hankalinsa ya gushe ba a rubuta masa zunubi, to da wane dalili mu za mu hukunta shi? Wannan tambaya ba wanda ya amsa ta.

Abin da ya raba gardamar a ƙarshe shi ne ambaton Uromi. A ƙarshen Maris 2025, 'yan sintiri a wannan gari na jihar Edo suka tare motar da ta ɗauko mafarauta 'yan Arewa daga Fatakwal za su gida hutun Sallah, suka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, taron jama'a ya kashe mutum 16, aka cinna musu wuta. Kano ta yi kuka, mu ma mun yi. To waɗanda suka tare motar nan su ma da sunan tsaron gari suka fara. Haka a Aluu ta jihar Ribas a Oktoba 2012, ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal da rahotanni suka ce bashi suka je karɓa, aka yi musu ihun ɓarayi, aka kashe su ana ɗauka a waya. A 2017 kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa a kan haka, cikinsu har da ɗan sanda. Ƙungiyar Amnesty International ta ƙirga aƙalla mutum 555 da irin wannan ɗaukar doka a hannu ta rutsa da su a Najeriya daga Janairu 2012 zuwa Agusta 2023. Ba za mu nemi a yi wa 'yan uwanmu adalci a Edo ba alhali muna yi wa baƙo taron dangi a bakin tasharmu. 'Yan sintirinmu da kansu suka ce a rubuta haka.

Matsayar ƙungiya

Taro ya amince cewa daga yau matakin farko shi ne baki. Dattijo ɗaya, ko shugaban layi, ko wanda mutumin ya sani, shi zai yi masa magana, da murya ƙasa, daga ɗan nesa, a bar masa hanyar fita. Sauran jama'a aikinsu su janye mata da yara da tsofaffi, su kawar da wuƙaƙen mahauta da tukwanen mai da duk abin da za a iya ɗauka, wani kuma ya kira 112 ko lambar ofishin 'yan sandan yankinmu. Da yawa daga masu ihun nan ruwa da abinci da kunnen saurare suke nema, kuma kewaye su da ihu ne ke mayar da su abin tsoro. Mai riƙe da wuƙa ko bindiga ba a tunkararsa don nuna jarumta. A ba shi fili a jira hukuma, sai fa in ya auka wa wani.

In ya kai hari, ko ya tabbata yanzu zai kai, to a riƙe shi. Mutanen da shugaban layi ya nuna su ne za su riƙe, uku ko huɗu, a hannuwa da kafaɗu, in ta kama da ƙafafu. Ba a taɓa wuya ko kaɗan, ba maƙura, ba shaƙa da gwiwar hannu, ba ɗora gwiwa. Ba a kifa shi a hau bayansa, ba a toshe masa baki ko hanci. In an kai ƙasa a juya shi ta gefe ko a zaunar da shi da wuri, mutum ɗaya kuma ya zuba wa fuskarsa ido yana yi masa magana, ba shi da wani aiki sai wannan. In ya ce numfashinsa na ɗaukewa a yarda da shi a sassauta. In ya yi shiru ko jikinsa ya saki, a sake shi gaba ɗaya a nufi asibiti. Ɗauri sai in babu makawa, da ƙyalle mai faɗi a hannu kawai, kuma ba a barin ɗaurarre shi kaɗai ko a rana. A gaya masa dalilin riƙe shi da inda za a kai shi. A karɓe makamin da ke hannunsa a miƙa tare da shi, laluben aljihu kuwa a bar wa ɗan sanda.

Mace, mata ne za su riƙe ta matuƙar akwai hali, kuma iyayenmu masu abinci sun ɗauki nauyin wannan. Yaro a nemi iyayensa ko malaminsa tare da sanar da hukuma. Baƙon da ba ya jin Hausa a nemo mai jin harshensa kafin a yanke cewa taurin kai yake yi. Kasuwarmu ba ta rasa Yarbawa da Ibo da Barebari da Zabarmawa.

Ƙungiya ta soke, ba tare da togiya ba, duk wani horo da aka saba yi da sunanta: bulala, tsallen kwaɗo, aske kai, tuɓe kaya, zagayawa da mutum ana yi masa ature, da cin tara. Ɗakin ajiyar da ke bayan ofis ba wurin tsare mutane ba ne, kuma an karɓi mabuɗinsa daga hannun masu gadi an ba ma'aji. Wanda ya fara ihun "ɓarawo" a kan mutumin da aka riga aka riƙe, ko ya ɗauko taya ko fetur, sunansa za a fara bai wa hukuma. Hoton bidiyo in an ɗauka a ba jami'in bincike. Ba a yarda memba ya watsa fuskar marar lafiya a Facebook ko TikTok ko WhatsApp ba, domin yana da iyaye da 'ya'ya, kuma yana iya warkewa ya dawo cikinmu.

Don amsa kukan 'yan sintiri, an yanke cewa duk wanda za a miƙa wa hukuma, jami'in ƙungiya ɗaya da shaidu biyu za su raka shi, su ba da bayani, su kuma je kotu in an kira su. Za a buɗe littafi a ofis a riƙa rubuta lokaci, da abin da ya faru, da waɗanda suka riƙe, da halin da aka miƙa mutumin a ciki. Daga asusun ƙungiya za a biya kuɗin mota da ladan wunin wanda ya bar sana'arsa ya je shaida, da kuɗin magani in ya ji rauni. Memban da ya tsaya cikin waɗannan iyakoki aka kuma tuhume shi ko aka yi masa barazana, ƙungiya za ta ɗaukar masa lauya ta tsaya masa har ƙarshe. Wanda ya doki mutum bayan an riƙe shi, ƙungiya ba za ta je belinsa ba, kuma za ta faɗi gaskiyar abin da ta gani.

Kira

Muna roƙon rundunar 'yan sandan jiha ta ƙara jami'ai a ƙofofin kasuwa da tasha a lokutan cunkoso, ta ba shugabanninmu lambar da ake ɗagawa, ta kuma karɓi mai kawo rahoto a matsayin mai taimako. Dokar da ta ce a nemi hukuma tana buƙatar hukumar da za a samu in an nema. Muna roƙon ma'aikatar lafiya ta jiha ta samar da hanyar da za a kira a zo a ɗauki mai taɓin hankali zuwa asibiti ba sai an bi ta caji ofis ba, hukumar NDLEA kuma ta matsa wa masu sayar da ƙwaya a lungunan tasha, waɗanda kowa ya san su ne tushen rabin wannan fitina. Muna roƙon hukumomin jihar Edo da na tarayya su kai shari'ar kisan Uromi ƙarshenta a idon duniya.

Ga iyaye da 'yan uwan marasa lafiya, ku sanar da shugaban layi halin ɗanku da lambar da za a same ku, za a riƙe muku sirri. Ga limamai da masu wa'azin kasuwa, muna roƙon ku sa wannan magana cikin karatunku.

Ƙungiya na godiya ga baƙinmu huɗu da suka ba da lokacinsu kyauta, musamman ma'aikaciyar jinya da ta yarda ta dawo ta koya wa masu gadi da 'yan sintiri yadda ake riƙo da yadda ake kwantar da wanda ya suma. Za a karanta wannan sanarwa a kowane layi da kowane lodi, a kuma manna ta a ƙofar ofis da ta masallaci. Shugabannin layuka su kawo wa sakatare sunayen mutanen da suka zaɓa don wannan horo kafin Juma'a mai zuwa.

Sa hannu:
Shugaban Ƙungiya
Sakataren Ƙungiya
A madadin dukkan mahalarta taro